Yadda Nake Riƙe Aji Mai Yara 90 Ba Tare da Bulala Ba

Ranar da na kama aiki a wata makarantar firamare da ke cikin birnin Kano, da sabuwar takardar shaidar malanta ta NCE a hannuna, wani dattijon malami ya ja ni gefe ya miƙa mini tsumagiya. Ya ce, "Malam, riƙe wannan, alli ba ya aiki sai da ita." Da zuciya ɗaya ya faɗa, domin shi ma haka aka yi masa. Na karɓa, na kuma yi aiki da ita har shekara biyu.

Wanda ya raba ni da ita wani yaro ne ɗan aji huɗu, siriri, mai zama a bencin ƙarshe kusa da taga. Kullum sunansa ne a saman takardar masu surutu da monita yake kawo mini, kullum kuma sai ya sha bulala uku. Ba ya kuka, ba ya gardama, hannu kawai yake miƙawa. Wata Laraba na karɓi littafinsa zan duba aiki, sai na ga rabin abin da ke ciki ba kalmomi ba ne, zane ne mai kama da rubutu. Na ce ya tsaya a inda yake, na rubuta lamba 7 ƙatuwa a allo, na ce ya faɗa mini. Ya ƙanƙance ido, ya karkatar da kai, ya yi shiru. Na ce ya matso. Sai da ya iso benci na biyu sannan ya ce, "Bakwai ce, Malam." Ashe duk surutun da ake rubuta shi a kai, tambayar na kusa da shi yake yi, "Me aka rubuta?" Wata takwas ina dukan yaro don ba ya gani. Na dawo da shi gaba, na aika wa mahaifinsa, aka kai shi asibitin ido aka yanka masa tabarau. Daren nan ban runtsa ba.

Yau shekarata 21 a aji. Abin da zan faɗa a nan na sabon malami ne ko sabuwar malama, wanda aka damƙa wa yara 80 ko 90 a ɗakin da aka gina don rabinsu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Kafin a kai can, ga yaran nan a gabanka gobe da ƙarfe 8, kuma dole ka san yadda za ka yi da su.

Mako biyun farko

Ka fara da sunaye. "Kai mai jar hula" ko "ke ta can baya" ba sa tsayar da kowa, domin yaron da ya san ba ka san shi ba ya san ya ɓace cikin taro. Ni bayan kwali nake samu in zana taswirar ajin, benci-benci har da masu zaman ƙasa, in rubuta sunan kowa a gurbinsa, in ajiye a kan teburina. Kullum ina haddace goma zuwa goma sha biyu, cikin mako biyu na gama. Za ka tarar da Muhammadu bakwai da A'isha shida. Ka tambayi kowa da wane suna ake kiransa a gida, ko ka haɗa da sunan uba. Amma kada ka kuskura ka laƙaba wa yaro sunan tsokana, ko da ajin zai yi dariya. Kai za ka manta, su kuwa za su bi shi da shi har ya yi gemu.

Sannan wurin zama. Kada ka bar yara su zaɓa, don manya za su kame baya, ƙanana su matse a inda aka bar musu. Ka yi gwajin da yaron nan ya koya mini: kowa ya tsaya a bango na baya ya karanta abin da ka rubuta, sannan ka juya baya ka kira lamba a hankali ka ga wanda bai ji ba. Masu raunin gani da ji da gajeru su zo gaba. Kuma ko ta halin ƙaƙa ka fitar da hanya biyu daga allo zuwa bangon baya, ko da sai an ƙara matsuwa a benci. Malamin da ya kafe a gaban allo, layi uku na farko kawai yake koyarwa, sauran suna wata duniyar. Yawancin surutun da nake kashewa, da tafiya nake kashe shi: ina bayani ina takawa, in je in tsaya a gefen masu hira ba tare da na ko kalle su ba, sai ka ji tsit.

Dokoki kuwa huɗu sun isa. Muna tsara su tare da yaran a ranar farko, da Hausa, a manna a bango: idan wani yana magana saura su saurara, mai son magana ya ɗaga hannu, ba duka ko zagi, kayan wani sai da izininsa. Na ga ajin da aka rubuta dokoki 20 da Turanci, ga yaran da ba su iya karanta sunansu ba.

Abin da ya fi dokokin aiki shi ne sabo. A aji mai yara 90, abu ƙarami kamar karɓar littattafai yana iya cinye minti goma ya haifar da faɗa biyu. Don haka komai yana da yadda ake yinsa, kuma muna maimaita shi kamar karatu har ya zauna. Shiga aji daga asambuli, layi-layi, na baya su fara. Littattafai daga baya ake miƙo su gaba, na farkon layi ya kawo tebur. Fita kewayawa, akwai katako biyu masu igiya a rataye a ƙusa, ɗaya na maza ɗaya na mata. In katako ba ya nan, ka jira ya dawo, ba sai ka katse ni ba. Neman shiru kuma, ina tafa hannu sau uku, su amsa da biyu su kalle ni. A makon farko za ka tafa ka tsaya kamar an dasa ka, wani lokaci har minti uku, zuciyarka tana ce maka ka daka tsawa. Ka daure. Kada ka taɓa fara magana a kan surutu, don ranar da ka yi haka ka koya musu cewa ana iya haɗa biyun. Zuwa mako na uku, kafin ka sauke hannu an yi shiru.

Yaron da ba shi da abin yi

Nan ne ainihin maganar take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ruwa ba ya tsami banza. In ka bi diddigin fitinar aji, mafi yawanta daga yaran da darasin ya wuce su take fitowa. Ka sa kanka a matsayin yaro ɗan shekara 11 a aji biyar, wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba, an zaunar da shi awa biyar ana magana da harshen da ba ya ji, ana rubutun da ba ya iya karantawa. In bai tsokani na kusa da shi ba, me zai yi?

Saboda haka a watan farko nake kiran su ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, minti biyu kowa. In nuna masa haruffa, in ya wuce in ba shi kalmomi, in ya wuce in ba shi ɗan gajeren labari. Daga nan na san ajina kashi uku ne. Wannan ba dabarata ba ce. Tsari ne na koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, aka kuma gwada shi a nan Kano a makarantun Wudil da Dawakin Tofa. Ni dai abin da nake iyawa ni kaɗai shi ne in raba allo gida uku in ba kowane rukuni aikin da zai iya, in kuma haɗa mai ƙarfi da mai rauni a benci ɗaya na ɗan lokaci. Yaron da ya fara gane cewa "ba" da "ba" su ne "baba", wallahi ba ka ƙara jin kansa, ya samu abin da ya fi tsokana daɗi.

Kada su shigo su tarar da allo fayau. Tun suna asambuli nake rubuta ɗan aiki na minti biyar, lissafi uku ko jimla biyu, suna zama su fara, ni kuma in kira rajista. Ka lura da lokaci ma. Darasi mai nauyi da safe ake yinsa. Bayan tara sun dawo da gumi da rigimar filin wasa, sai in fara da shifta ko waƙar lissafi don hankali ya dawo. A watan Afrilu, ƙarƙashin kwanon da ba silin, bayan ƙarfe 12 ba wanda zai saurari dogon bayani. Ka ba su aikin hannu, ko ka fitar da su gindin bishiya in akwai. Haka ma da azumi. Kuma ka shigo da shirinka, domin ba a fafe gora ranar tafiya: minti biyun da za ka yi kana laluben shafi, ajin ya kuɓuce maka.

Idan an yi laifi

Duk da haka za a yi. Ka fara da mafi sauƙi, ka hau a hankali. Kallo tukuna. In bai yi ba, ka matsa kusa. In bai yi ba, ka saka sunansa cikin bayanin da kake yi, ko ka ɗora yatsa a kan littafinsa ka wuce. In ya ci gaba, ka sunkuya ka faɗa masa a kunne: "Ko ka ci gaba da aikinka a nan, ko ka koma benci na gaba. Zaɓi ɗaya." Sai ka bar wurin, ka ba shi damar ya gyara ba tare da idon aji a kansa ba. Yaro, musamman wanda ya fara tasawa a ƙaramar sakandare, zai gwammace a yanka shi da a ga ya rusuna a gaban abokansa. In ka tsare shi a bainar jama'a, ka tilasta masa ya yi maka taurin kai. Maganar gaskiya bayan an tashi ake yinta, kai da shi, kuma ka fara da tambaya: "Me ya faru yau?" Sau da yawa amsar da za ka ji ba ita ka zata ba.

Hukunci ya yi kama da laifin. Wanda ya zubar da shara ya share. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi, ya kwafe masa abin da ya ɓata. Wanda ya cinye lokacin darasi da wasa ya biya daga lokacin tara, amma ka bar shi ya ci abincinsa. Wanda ya yi zagi ya ba da haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin. Tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a rana ba su da alaƙa da kowane laifi, gajiyar da yaro kawai suke yi, ya dawo aji cinya na rawa ba ya fahimtar komai. Korar yaro waje ma ba hukunci ba ne a wurin wanda dama ajin ya ishe shi.

Abu biyu ne ke zubar da girman malami da sauri. Na farko barazanar da ba za ka cika ba. Kada ka ce za ka kira uban yaro sai in za ka kira shi. Na biyu son kai. Yara suna yafe wa malami mai tsanani, amma ba sa yafe wa wanda ya hukunta ɗan mai faci ya kau da kai ga ɗan Alhaji ko ɗan abokin aikinsa. Kuma kada ka hukunta aji gaba ɗaya don laifin mutum uku; ka mayar da masu biyayya 87 abokan gābarka ke nan.

Takardar masu surutu kuwa, na soke ta. Na gano cewa kasuwa ce: mai gyaɗa ko awara lokacin tara sunansa ba ya shiga, wanda suka yi faɗa da monita a unguwa kuwa kullum yana ciki. Yanzu aikin monita rabon littattafai ne da kula da alli, kuma duk wata ake canzawa. Na ƙirƙiri ayyuka da yawa, mai goge allo, mai buɗe tagogi, mai kula da katakon fita, shugaban kowane layi, kuma da gangan nake ba wa masu ƙiriniya. Yaron da ya fi kowa tayar da ƙura yawanci shugaba ne da bai samu abin shugabanta ba.

Maganar bulala da iyaye

Za a ce maka, mu ma da duka aka tashe mu, ga shi mun zama mutane. Wani uban ma da kansa zai kawo ɗansa ya ce, "Malam, ka zane shi, ni na sa ka." Ba na yi musu gardama da dokar kare haƙƙin yara ta 2003, ko da ƙa'idar aikin malanta ta hukumar rajistar malamai (TRCN) da ta hana malami duka da ra'ayin kansa, ko da yake ya kamata kai ka san da su don kare kanka. Da abin da muka gada nake yi musu magana. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, da ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, da ya rubuta ladubban malamai bai saki hannun malami ba: ya iyakance duka ga bulala uku, ya hana taɓa fuska da kai, ya hana duka don huce haushi. Ibn Khaldun kuma, masanin tarihin da ya rasu a 1406, ya ware babi guda a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa kasala da ƙarya da yaudara don tsoron hannu. Duk wanda ya yi shekara a aji ya ga wannan da idonsa: ajin da ake duka shi ne ajin da ba wanda ya taɓa yin laifi, kullum "ba ni ba ne". Mu faɗa wa kanmu gaskiya, kashi nawa na dukan da ake yi a makarantunmu ne ya cika sharaɗin ɗan Sahnun? Mafi yawansa haushin albashi ne da zafin rana ake saukewa a bayan yaro.

Ka nemi iyaye tun kafin a yi ɓarna. Kowane mako nakan zaɓi yara biyar in rubuta layi ɗaya a littafinsu, "Ya yi ƙoƙari a lissafi wannan makon, a sa masa albarka," in ce a nuna a gida. Uban da ya taɓa samun irin wannan, ranar da ka kira shi don matsala da sakin fuska zai zo.

Akwai wani yaro da kullum sai ƙarfe 9 yake zuwa, kullum yana cikin 'yan lattin da ake tarewa a bakin ƙofa. Na nemi mahaifinsa. Ya zo da kunya, yana cewa, "Malam, Allah ya ba da haƙuri, yau zan yi maganinsa." Na ce, "Baba, zauna tukuna. Yaron nan yana da kai, shi ya sa na neme ka. Ina yake zuwa da safe?" Ashe tun asuba suke tafiya kasuwar 'Yankaba tare, ya taya shi ɗauko kayan gwari, sannan ya dawo a ƙafa. Ban ce ya daina ba, don da wannan ake ci a gidan. Muka yi yarjejeniya: ran Asabar da Lahadi ya yi masa yini guda, ranakun makaranta ya sallame shi da an ɗora kaya, ya ba shi kuɗin mota. Latti bai ƙare gaba ɗaya ba, amma ya koma sau ɗaya a mako. Yarinya mai talla ma haka, sai dai a nan uwa ake nema, kuma malama ce ta fi dacewa ta shiga gidan. In abin ya fi ƙarfinka, akwai kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), akwai mai unguwa da liman. Maganarsu tana shiga inda taka ba ta kai ba.

Abin da ba naka kai kaɗai ba

Faɗan da aka fitar da jini, yaron da ya zo da wuƙa, wanda ka ji warin sholisho a jikinsa, manyan da ke ƙwace wa ƙanana kuɗin tara, yarinyar da ta sauya gaba ɗaya ta daina magana, ko tabon duka da ka gani wanda ba a makaranta aka yi ba: waɗannan ka raba, ka kwantar, ka kai wa hedimasta a ranar, ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata. Kada ka yi alkawarin rufa asiri a kan abin da zai cutar da yaro. Kai namiji kuma, kada ka keɓe da ɗaliba a ofis. Ƙofa a buɗe, malama a kusa. In budurwar yarinya ta nemi fita ba ta faɗi dalili ba, ka bar ta ta fita, kada ka tsare ta da tambaya a gaban maza.

Ranar da ka ji ranka ya ɓaci har hannunka na rawa, kada ka yanke hukunci. Ka ce, "Za mu yi magana bayan an tashi," ka ci gaba da darasi, ko ka taka zuwa bakin ƙofa ka yi ta'awwuzi. In kuma ka zalunci yaro, ka tsawata wa wanda bai yi ba, ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda ka kunyata shi. Na yi haka ba sau ɗaya ba, ban kuma ga girmana ya ragu ba.

Ina da ƙaramin littafi mai shafi 40 da nake rubuta duk wanda na yi wa magana ta musamman, laifi ko yabo, da ranar. Ran Juma'a kafin in tafi masallaci nake buɗe shi in haɗa da taswirar kwalin nan. Sunan da ya fito sau uku a mako, akwai abin da ke damunsa, zan zauna da shi. Sannan in nemi sunayen da ba su fito ko sau ɗaya ba tun farkon zango, masu shirun nan da ba sa damun kowa, waɗanda za su iya gama shekara ba su koyi komai ba kuma ba wanda ya lura. In zaɓi uku daga cikinsu in yi musu alama da jan biro, su ne zan fara kira su karanta mini ran Litinin lokacin tara.